Alfadaran Bernal Huɗu

Lisbon, 27 ga Mayu, 1588

Zuwa ga taubashiyata Elvira, matar Bernal mai alfadarai, a Astorga.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yan matanki biyu. Ni lafiyata lau, sai gwiwar nan ta hagu da ke yi mini tsiya in an yi sanyi. Na sani za ki ce shekara bakwai ban rubuto ba sai yau. Bari in gama tukuna, sannan ki zage ni.

Mijinki yana jirginmu. Shekaranjiya ina yi wa wani soja ƙaho, sai na ji ana zagin kakan wani da harshen garinmu. Na leƙa, na ga alfadara rataye da igiya ana zura ta cikin jirgi tana harbin iska, ga Bernal a ƙasa yana cewa, "A hankali, 'yan banza, ba buhun gishiri ba ce." Na ce, "Mijin Elvira, me ya kawo ka teku?" Ya ɗago ya ƙare mini kallo, ya ce, "Au, wanzami, har yanzu ba su rataye ka ba?"

Ya ce mutanen Sarki sun karɓe alfadaransa huɗu don su ja igwa in mun sauka Ingila, suka ce ya koma gida, shi kuwa ya biyo su har nan a ƙafa. Yanzu can ƙasa yake kwana a tsakaninsu.

Jirage sun kai ɗari da talatin, Elvira. Za mu bi mashigin Ingila har Filandas, mu kwashi sojojinmu da ke jira a can, mu tsallakar da su. An hana caca da ashar, kowa ya je gaban Fada, limamin coci, ya furta zunubinsa. Nawa sai da Fada ya nemi kujera. Manya sun ce kafin a gama girbi mun dawo. Iska kawai muke jira.

Taubashinki, Toribio wanzami.

Astorga, 2 ga Yuli

Toribio,

Ina gaishe ka. Muna lafiya, sai dai ƙaramar ta yi ciwon kunne, ya warke. Zagin naka na ajiye shi, yau ba ni da lokacinsa.

Masu kawo kifi daga Koruna sun ce kuna can tun sha tara ga watan jiya. Sun ce guguwa ta warwatsa ku, ruwan gangunanku ya yi wari, burodi ya yi tsutsa, kuma ana sauke marasa lafiya a bakin teku kullum. To wannan ita ce rundunar da za ta dawo kafin girbi? Ko ƙasarku ba ku bari ba.

Ka saurare ni da kyau. Bernal ya haura hamsin. Duk shekara in ruwa ya dake shi sai tari ya kwantar da shi sati uku, kai ma ka sani. An ce wanzamin kowane jirgi ne ke rubuta sunayen waɗanda za a sauke. Babana bai koya mana rubutu ni da kai don ka riƙa aiko mini da labarin zunubanka ba. Ka rubuta sunansa. In ya ce lafiyarsa ƙalau, ƙarya yake yi. In ya kawo maganar dabbobin, ka ce masa na ce Sarki ya riƙe su har abada, ni mijina nake so.

Ban taɓa roƙonka komai ba. Ranar da ka fasa tulun man coci ka bari aka dake ni a kai, ko wannan ban ce ka biya ni ba.

Ba na iya zama wuri ɗaya. Jiya sau uku na share bargar da babu komai a cikinta. Ka ba ni amsa ta hannun mai kawo wannan, ƙanen Bernal ne, Lope.

Elvira.

Koruna, 18 ga Yuli

Taubashiya,

Gaisuwa a gurguje. Lafiya nake, gwiwa ta yi sauƙi. Lope bai iya jirana ba, na kwana huɗu ina aiki a wani jirgi, don haka zan ba wasu masu kifi wannan.

Saƙonki ya iso, kuma na rubuta sunan Bernal da hannuna kamar yadda kika ce. Jiya aka sauke marasa lafiya. Ki kwantar da hankalinki a kan maganarsa.

An ɗora mana sabon ruwa da nama. Jiragen da suka ɓace duk sun dawo, sai kaɗan. Da zarar iska ta juyo daga kudu za mu tashi. Tulun man nan kuwa, ke kika ture ni na faɗa kansa.

Toribio.

Koruna, 6 ga Agusta

Toribio,

Ina fatan kana lafiya duk inda wannan ta same ka. Ni ƙafafuna sun kumbura, ban da haka ba abin da ke damun jikina.

Dubi inda nake rubuto maka. Takardarka ta iso Astorga ran ashirin da biyar, amma Bernal bai zo tare da masu kifin ba. Na ce ƙila ya tsaya hutawa. Na dafa wake da naman alade na kwana uku a jere, yara suka cinye. Ran na huɗu na kai su gidan Lope, na kama hanya.

Duk masaukin da na kwana na tambaya. Na duba ramuka a gefen hanya, Toribio. A wani ƙauye aka ce an binne wani baƙo mai tari, sai da na sa aka fito mini da takalmansa na gani. Ba nasa ba ne.

A nan na shiga asibiti, na bi gado gado. Na shiga coci biyu da aka shimfiɗe mutane a ƙasa. Wani soja da zazzaɓi ya ruɗa ya kama zanina yana kirana Inna. Magatakarda ya buɗe mini takardar jirginku, babu Bernal. Akwai dai wani wuri da aka kankare da wuƙa. Na ce, "Wane suna ne nan?" Ya ce, "Baiwar Allah, ni abin da aka bari nake karantawa."

Wata mai wanki ta ce mini maza da yawa in an sauke su ba gida suke nufa ba. Na kusa marinta. Amma tun daga lokacin maganar ba ta bar kaina ba, kuma ina jin kunyar hakan.

A wane wuri ka sauke shi? Wa ka damƙa wa shi? Yana iya tafiya da ƙafarsa? An ce akwai ƙaramin jirgi da zai bi bayanku da takardu, shi zan ba. Gobe zan koma, ƙila mun yi saɓani a hanya.

Elvira.

Gaban Kale, 7 ga Agusta

Taubashiya,

Ina gaishe ki da yara. Ina raye, hannuwana ne kawai suka gaji.

Mun bar Koruna ran ashirin da biyu, ran talatin muna kallon tuddan Ingila, suna kunna wuta a kansu ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan sati guda ke nan jiragen Ingila suna bin mu. Ba sa yarda su matso mu kama su da hannu. Jiragensu na juyawa kamar kare, su yi harbi daga nesa su janye. Sojojinmu sai tsayawa suke a gefen jirgi suna kiransu kaji. Ranar farko albarushin wani jirginmu ya tashi, aka rarraba mana waɗanda suka ƙone. An kawo mini tara, biyu suka rage.

Jiya muka jefa anka, ƙarfen tsai da jirgi, a nan gaban garin Kale, kusa da Filandas. Mun zo inda aka ce mu zo, amma sojojin Filandas ba su shirya ba. Wasu sun ce kwana shida, wasu sun ce sati biyu. 'Yan Ingila kuwa ga su can sun yi layi ta inda iska ke fitowa. Matuƙanmu ba sa son wurin nan, sai kallon ruwa suke.

Mutanen gari sun zo da kwale-kwale suna tallar cuku da albasa. Bernal ya ba da hularsa aka ba shi damin ciyawa biyu, yanzu yana yawo da tsumma a ka kamar tsohuwa. Tarin ya ragu. Na san abin da za ki ce. Akwai bayani, zan yi miki shi baki da baki.

Toribio.

A teku, arewa da Sikotilan, 20 ga Agusta

Elvira,

Gaisuwa. Ban san me zan ce game da lafiya ba. Muna numfashi, ni da shi. An ce gobe ƙaramin jirgi zai yi gaba ya kai wa Sarki labari, na roƙi wani ya saka wannan a rigarsa.

Daren da na rubuto miki daga Kale suka sako mana jirage takwas suna ci da wuta. Kowa ya sare igiyar ankarsa ya gudu. Da gari ya waye muna warwatse, suka afko mana, wannan karon dab da dab. Tun safe har la'asar ban ga sama ba, ina ƙasa ina yanke hannuwa da ƙafafu, Bernal na danne mini mutane. Washegari iska ta dinga tura mu kan tudun yashi, har Fada ya fara yi mana addu'ar mutuwa, sai ta juya. Ba mu ɗauki soja ko ɗaya daga Filandas ba. Hanyar da muka zo ta toshe, za mu zagaya ta bayan tsibiran nan mu dawo gida. 'Yan Ingila sun raka mu kwana huɗu suka koma.

Yanzu kowa kofin ruwa biyu ne a rana, da ɗan burodi. Sati guda ke nan da aka ba da umarni a zubar da dawaki da alfadarai saboda ruwa. Wasu suka ce a yanka a ci mana, kyaftin ya ce shi abin da aka rubuto masa ya sani.

Bernal ya ce, "Kada wanda ya taɓa su, ni zan yi." Ya cire musu ragama don kada ta sarƙe musu ƙafa. Ya raba musu ruwansa na ranar a tafin hannu. Uku suka tafi ba gardama. Ta huɗun, baƙar nan Mora, ta kafe, sai da ya rufe mata ido da tsumman kansa ya yi mata magana a kunne.

Ban san suna iyo haka ba, Elvira. Duk bayanmu kawuna ne a kan ruwa, daga kowane jirgi. Mora ta bi mu har rana ta take tsaka. Yana tsaye a bayan jirgi yana kallo, na ce, "Zo mu sauka ƙasa." Ya ce, "Tana ganina." Ita ce maganarsa ta ƙarshe har yau.

Sanyi ake yi sosai, ga shi yawancinmu da rigunan bazara muka fito.

Toribio.

Astorga, 12 ga Satumba

Toribio,

Muna lafiya. Ban tambayi taka ba.

Jiya takardarka ta Kale ta iso. Hula. Ciyawa. Ina can ina sa a tono mini takalman matacce, kai kana nan kana dariyar tsumman kansa.

Na ɗauko ta Koruna na sake karantawa. Ka rubuta sunansa. An sauke marasa lafiya. In kwantar da hankalina. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, ko ba haka ba? Ka zauna ka auna kowace kalma yadda zan yaudari kaina da kaina, hannunka ya fita. Da ka yi mini ƙarya kai tsaye da ta fi mini sauƙi. Na zargi mijina da gudu wurin wata mace saboda kai.

Nan gari an yi ta buga ƙararrawa. Labari ya zo wai kun nutsar musu da jirage goma sha biyar, kun kama babban ɗan fashin tekunsu, wasu ma sun ce kun sauka. An hura wuta a dandali, an yi rawa. Matar Lope ta ja ni, ta ce, "Taso, mijinki zai dawo da alfadarai takwas." Na je na tsaya. Amma in nasara ce, me ya sa babu wanda ya samu takarda daga wanda ya gani da idonsa? Fada ya ce in daina tambaya, in yi godiya.

An gama girbi. Ni da yara muka yi shi. Ban ma san inda zan aika da wannan ba, zan ba masu zuwa bakin teku.

Ka dawo mini da shi.

Elvira.

Santander, 29 ga Satumba

Elvira,

Ina gaishe ki. Bernal yana raye. Na fara da wannan, kuma ba wata ma'ana a ƙarƙashinta: yana nan kwance kusa da ni a cocin da aka mai da asibiti, ina ganin ƙirjinsa na motsi.

Shekaranjiya kwale-kwale suka jawo mu ciki, don ba mu da mutanen da za su iya jan igiya. Wata guda muka yi cikin guguwa a yamma da Ayalan. Jiragen da suka matsa gaɓa neman ruwa, ba anka, duwatsu suka cinye su. Mun ga ɗaya da idonmu. A jirginmu kullum sai mun jefa mutum uku ko huɗu. Labarin nasarar da kuka yi wa rawa, ban san wanda ya ƙaga shi ba.

A nan aka ba ni takardunki biyu a haɗe, ta Koruna da ta ƙarshe. Na karanta maganar takalman. Ga bayanin, ba sai mun haɗu ba.

Na rubuta sunansa, gaskiya ne. Da safen da za a sauke su ya zo ya tsaya a kaina, ya ce, "An ce ka sa ni cikin guragu." Na ce, "Elvira ce ta ce." Ya ce, "Wa zai ba dabbobin ruwa? Yaran nan da ba su san gaban alfadari da bayansa ba? Kankare." Na kankare.

Da nan na tsaya da kin ce laifinsa ne. Amma akwai sojoji biyu a bakin ƙofa, kalma ɗaya zan faɗa su ɗauke shi cak su jefa a kwale-kwale. Na yi wa wasu haka a ranar. Ban faɗa ba saboda tsoro nake ji, Elvira. Mutum ɗari uku a jirgin nan, shi kaɗai ya san sunan uwata. Ban so in tafi ni kaɗai ba. Sannan na zauna na auna kalmomi, kamar yadda kika ce.

Haƙoransa huɗu sun zube, ƙafafunsa sun kumbura. Yana karɓar romo in na ɗura masa, amma ba ya magana, ba ya kallon kowa. Mutane na mutuwa a nan bayan sun iso gida, kullum. Na samar masa takardar sallama, wannan karon da hatimi. Kada ki rubuto amsa. Ki zo.

Toribio.

Astorga, 5 ga Nuwamba

Toribio,

Ina gaishe ka. Mun iso gida lafiya tun sati biyu. Yaya zazzaɓin? Kada ka ce babu, na ga yadda cokali ke rawa a hannunka.

Ban yi maka magana a Santander ba. Da farko ban gane ka ba, na ɗauka wani tsoho ne mai shara ya nuna mini inda yake. Da na gane ka kuma, ban amince da abin da zai fito daga bakina a cikin coci ba.

Alfadarar Lope na zo da ita. Da Bernal ya gan ta sai ya juya fuska ga bango. Mutum biyu suka ɗora shi, na ɗaure shi da gyalena, na ja. Kwana uku bai ce uffan ba. Ina ta yi masa surutu, girbi, yara, rufin da ke yoyo, kamar da dutse nake.

Ran na huɗu muna hawan tudu, akumari ya dinga zamewa gefe, dabbar tana ɗingishi. Na tsaya na ja igiya na ci gaba. Sai na ji daga sama an ce, "Mace, za ki ji mata ciwo. Sauke ni." Na sauke shi. Ya kwance duk abin da na ɗaura, ya shafa bayanta, ya ninka bargo ya sa, ya sake ɗaurawa, yana yi yana hutawa. Ya ce, "Shekara ashirin a gidana, ɗaurin akumari ya gagare ki." Daga nan ya kifa goshinsa a wuyanta. Na koma gefe na zauna har ya gama.

Yanzu yana cin abinci mai laushi, yana zama a rana. Barga dai bai shiga ba tukuna. Shi ya gaya mini cewa tun daga Sikotilan kofi ɗaya kake sha, ɗayan kana ɗura masa, kana ce masa ragowar matattu ce. Wannan ba ka rubuta ba. Kai dai ba ka iya faɗin magana cikakkiya ba, ko mai kyau ko marar kyau.

Ban yafe maka ba. Ina so ka ji wannan sarai. Amma ba zan yi faɗa da takarda ba. Lope zai kai garin alkama asibitinku ran sha biyar, zai dawo da alfadara ba kaya. Ka hau. In sun ce ba mai sallamar wanzami, ka nuna musu hannuwanka.

Bernal ya ce in gaya maka gemunsa ya kai ƙirji, kuma ya rantse ba askar da za ta taɓa shi sai taka. Ni kuwa na gaji da ganinsa haka.

Taubashiyarka, Elvira.